Iskar sama daban, ta ƙasa daban

Duk farkon damina, da guguwa ta yaye kwanon gidaje a Batsari ko Safana, maganar majalisa ɗaya ce: iskar yanzu ta fi ta da ƙarfi. Abin da ake tsallakewa shi ne iska ba ta gudu iri ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Bishiyoyi da gine-gine da tudu suna riƙe ta, sai ta yi sama take sakewa. Mai shiƙar gero ta san haka, ga ta nan tana ɗaga ƙwarya sama da kanta.

Matuƙan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun fi kowa kula da wannan. Babban ƙyallen jirgin yana ɗaure a jikin dogon turke, bakinsa na ƙasa kuma a jikin wata sanda da ke kwance. Tunda iskar saman turke ta fi ƙarfi, jirgin kuma yana tafiya, gefen da take bugo ƙyallen a sama ya bambanta da na ƙasa. Dole a bar saman ya ɗan murɗe. Akwai igiya da ke tashi daga gindin turke ta kama sandar. In aka ja ta, sandar ta yi ƙasa, bakin ƙyallen na baya ya ɗame, murɗewar ta ragu. In iska ta yi yawa sai a sassauta, sandar ta ɗaga, saman ya buɗe ya zubar da rarar iska, jirgin ya rage karkata. Wasu jiragen ma ƙarfe mai sifirin ake sa musu a wurin, ya tallafi sandar ranar da iska ta yi sanyi, don kada nauyinta ya rufe ƙyallen.

Wannan bambancin na iskar sama da ta ƙasa ne ya sa injinan iska 37 da kamfanin Vergnet na Faransa ya ƙera wa tashar lantarkin Lambar Rimi suke kan turaku masu tsawon mita 55. Can iskar take.

Mu kuwa a ƙasa muke zaune, kuma itatuwa ne ke rage mana ƙarfinta. Ana sare su ana gawayi a kewayen Dajin Rugu, inda rashin tsaro ya hana ma'aikatan daji leƙawa, a gonaki kuma ba a maye gurbin darbejiya da gawon da aka kayar. Iskar da a da take wucewa ta saman bishiyoyi yanzu tana saukowa har kan rufi. Hukuma takan kai wa waɗanda abin ya shafa bandir na kwano da ƙusa, amma da wuya ka ga dashe a cikin kayan tallafin.