Kalmomin koyar da gudanar da kasuwanci a Hausa: misalin Agye, Gazawa da Gidan Runji

1. Gabatarwa

Akwai mujallun ilimi da ke nazarin gudanar da kasuwanci da hanyoyin koyar da shi, kamar Revue française de gestion da aka kafa a Faransa a 1975, da Academy of Management Learning and Education da ta fara fita a Amurka a 2002. Galibin masu rubutu a cikinsu suna ɗauka cewa harshen malami da na ɗalibi ɗaya ne. A ƙauyukan jahar Maraɗi ba haka abin yake ba: takardun horo da Faransanci suke, masu karɓar horon kuwa da Hausa suke lissafi.

2. Fagen nazari

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji, wannan koyarwa ba a aji kaɗai take gudana ba. Tana gudana cikin ƙungiyoyin manoman gero, wake da aya, da kwamitocin bankunan cimaka, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991. A nan ne ake riƙe littafin asusu, ake ba da rance, ake raba kuɗi. Kalmar da aka fassara ba daidai ba tana iya raba kan ƙungiya.

3. Matsaloli uku

Ta farko ita ce kalmar gestion. Ba ta da kishiya guda a Hausa: wani wuri gudanarwa ce, wani wuri tattali, wani wuri riƙon amana. Tilas mai fassara ya zaɓa bisa muhallin magana.

Ta biyu ita ce riba. A baka kalmomi biyu ne: mai dogon wasalin i tana nufin bénéfice, abin da ya hau kan uwar kuɗi ta hanyar ciniki, mai gajeren wasali tana nufin kuɗin ruwa, wanda addini ya hana. Ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka su biyun kamanninsu ɗaya a takarda.

Ta uku ita ce ƙidaya. Littafi yana lissafi da faran, kasuwa kuwa da dala, wato faran 5. Idan aka rubuta 100, malami yana nufin dala ashirin, mai sauraro na iya fahimtar dala ɗari, wato faran 500.

4. Shawara

Muna ganin ya kamata a bar riba ga bénéfice kaɗai, a riƙa rubuta kuɗin ruwa ga intérêt, a kuma bayyana ma'aunin kuɗi a kan kowane shafi. Kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma, a fara tattara waɗanda ƴan kasuwa ke amfani da su: jari, zubi, adashi, bashi, faɗuwa.