Labarin Gubar Bagega Yana Ɗakin Karatun Jami'a, Wa Zai Ɗauko?

Yawancinmu muna tune da shekarar 2010, lokacin da yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai farfaɗiya, kafin kwana biyu an rufe shi. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta aika da jini a auna kafin aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariyar yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, mutane kuwa suna kai shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda jarirai suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka tun a 2010 zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi jira har 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi daga Gwamnatin Tarayya, kuma ba a iya fara ba yara magani sai an share gidajensu. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022. A watan Disamba na 2024 gwamnati ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Wato za a ci gaba da haƙa, dutsen kuwa bai canja ba.

To, masana daga Nijeriya da Amurka da Turai sun yi rubutu mai yawa kan wannan annoba. Wani binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an lafiyarmu, wanda aka buga a 2012, ya ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyuka biyu, ya tarar 118 daga cikinsu sun mutu a cikin shekara guda. An rubuta yadda aka auna ƙasa, da yadda aka yi magani, da yadda jiƙa dutse da ruwa kafin niƙa yake rage ƙura. Amma galibi da Turanci ne, a mujallun kimiyya na ƙasashen waje. Wasu kyauta suke ga wanda ya iya nema, wasu sai an biya daloli kafin a buɗe maƙala ɗaya. Uwar da ta binne 'ya'yanta a Bagega ba ta taɓa ganin shafi ɗaya ba, malamin asibitin ƙauyen ma da wuya.

A nan ne ɗakin karatu na jami'a yake da aiki. Da yawa cikin 'ya'yanmu suna ɗaukarsa wurin fakewa ne kawai idan jarrabawa ta matso, alhali kujera da fanka su ne mafi ƙanƙanta cikin abin da yake bayarwa. Mu ɗauki ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Akwai sashen da ma'aikaci yake zaune domin amsa tambaya, ka ce masa kana neman abin da aka rubuta kan dalma a jinin yara, ya nuna maka ta inda za ka fara. Akwai sashen kwamfuta inda ake shiga mujallun duniya ta intanet. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan maɗaba'u a shirin HINARI, domin makarantu da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta dubban mujallun likitanci kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ɗakin karatu ne yake riƙe da mabuɗin shiga, ɗalibi kuwa sai ya je ya tambaya.

Akwai kuma kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta. Jami'ar Ahmadu Bello tana zuba nata a rumbun intanet mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa jami'ar. Wannan ya fi burge mu, domin mai binciken da ya auna ruwan rijiya ko hatsin Anka ɗan ƙasa ne, ya san hanyar, ya san harshen.

Ana koyar da amfani da ɗakin karatu ga sababbin ɗalibai a shekarar farko, ana kuma shirya bita lokaci lokaci kan yadda ake neman maƙala, da yadda ake ambaton wanda aka ɗauko magana daga gare shi, don kauce wa satar aikin wani. Ba ma ɓoye cewa wutar lantarki da intanet suna yawan ba da matsala, littattafai da dama kuma sun tsufa. Duk da haka abin da yake akwai ya fi wanda ake amfani da shi yawa nesa ba kusa ba.

Muna da 'ya'ya daga Gummi da Bukkuyum da Anka a waɗannan jami'o'i, har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Wasu suna karanta aikin jinya, wasu kimiyyar haɗa magunguna, wasu ilimin duwatsu. Idan lokacin zaɓen batun kundi ya zo, iyaye da dattawan ikkilisiya suna iya tuna musu da gida. Rashin tsaro ya sa baƙin masu bincike ba sa zuwa yankin kamar da, don haka ɗan gida ne zai iya. Ko bai taka rami ba, zai iya tattara abin da aka rubuta, ya mai da shi Hausa a shafi biyu: kada a niƙa dutse a cikin gari, a jiƙa shi, mai haƙa ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro, a wanke hannun yara kafin abinci. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya karanta irin wannan takarda a taronsu, su kuma miƙa wa maƙwabta.

Wanda ba ɗalibi ba, kamar malamin asibiti ko malamin makaranta, bisa al'ada yakan samu izinin shiga ya yi karatu idan ya zo da takardar gabatarwa daga wurin aikinsa zuwa ga shugaban ɗakin karatun.