Makaho da Wikipedia: Me ya sa waya ke kasa karanta masa Hausa?

A shekarar 1987, da aka auna jama'ar wasu ƙauyukan Birnin Gwari da Kauru da Lere a Jihar Kaduna, a wurare da yawa fiye da rabin waɗanda aka gwada suna ɗauke da tsutsar da ke jawo makantar kogi, cutar da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. Bayan shekara 15 zuwa 17 ana rabon maganin ivermectin, an koma a 2008 aka gwada mutum sama da 3,700, ba a samu tsutsar a jikin ko ɗaya ba.

Nasara ce babba, sai dai maganin ba ya dawo da idon da ya riga ya tafi. Ga kuma yanar ido da hawan jinin ido, waɗanda ba su da alaƙa da ƙuda. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13.

Yanzu da ilimi ke ƙaura zuwa intanet, kuma matasa 'yan sa-kai ke ta cika Wikipedia ta Hausa da maƙaloli, ina rabon waɗannan mutane?

Makaho yana amfani da waya ne ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka samar ake kuma bayarwa kyauta. Da Turanci abin na tafiya. Da Hausa kuwa, galibi muryar Bature ce ke kokawa da kalmomin, har mai sauraro ya rasa da wane yare ake yi masa magana.

Ko an samu murya ta Hausa, akwai wani cikas a cikin rubutun boko kansa. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Mai ido yana warware wannan daga ma'anar jimla ba tare da ya lura ba, ita kuwa na'ura sai an koya mata da dubban misalai. Sannan ga sakacinmu: maƙaloli da yawa ana rubuta su babu haruffa masu ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ƙafa" ta koma "kafa". Wanda ke gani zai yi murmushi ya wuce. Wanda ke ji da kunne an sauya masa zance.

Sauran matsalolin na tsarin shafi ne. Hoton da ba a rubuta masa bayani a ɓoye ba, manhajar za ta iya karanto sunan fayil kawai, ko ta tsallake shi. Taswirar dajin Kamuku, ga makaho, babu ita ke nan. Maƙalar da ba a raba ta da kanun sashe na ainihi ba tana tilasta masa sauraron komai daga farko, domin da kanun ne yake tsallakawa zuwa abin da yake nema. Waɗannan gyare-gyare ba sa cin ko kwabo, edita ne kawai zai ƙara minti biyu.

Akwai rukuni na biyu da ba a cika ambato ba: masu lalurar disleksiya, wato waɗanda idonsu lafiya lau, basirarsu lafiya lau, amma haɗa harafi da sautinsa ke yi musu wuya. A azuzuwanmu sunan irin wannan yaro "daƙiƙi", maganinsa kuma bulala. Abin da ke taimaka masa shi ne manyan haruffa, tazara tsakanin layuka, gajerun jimloli, da damar jin rubutu yana bin sa da ido. A 2024 Wikipedia ta ƙara wa masu karatu zaɓin girman haruffa da baƙin shafi. Akwai kuma nau'in haruffa mai suna OpenDyslexic da ake yawan tallatawa, amma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana ƙara saurin karatu ba.

A waje an yi nisa. Tun 2005 'yan sa-kai ke naɗar maƙalolin Wikipedia ta Turanci da muryarsu. Reshen Wikimedia na Suwidin ya fara aikin Wikispeech a 2016 domin shafin ya riƙa karanta kansa, ya kuma soma da Suwidanci da Turanci da Larabci. Hausa ta shiga rumbun muryoyi na Common Voice na Mozilla, tana kuma cikin harsuna sama da 1,100 da kamfanin Meta ya fitar wa da fasahar magana a 2023. Daga ɗakin gwaji zuwa wayar makaho a Kuyello, tafiyar da saura.

Ta fuskar doka babu hanzari. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shigar da hakan. Ita Wikipedia ma lasisinta ya bai wa kowa damar kwafa da naɗa da rabawa, muddin ya ambaci tushe ya kuma bar wa wasu irin wannan dama. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a 2024, kuma muhawarar har yanzu ta fi karkata ga matakala da ƙofofi, an bar shafukan intanet a baya.

Birnin Gwari tana ƙara wani darasi. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a yankin saboda yaƙi da 'yan bindiga, sai a Nuwamba aka dawo da su. Duk tsarin da ya dogara da intanet kaɗai, a irin wannan wuri yana iya mutuwa da umarni guda. A ganina, abin da ya fi dacewa da yankin shi ne a naɗi maƙaloli kan lafiya da noma da haƙƙin ɗan ƙasa da muryar Bahaushe, a raba su a katin memori da WhatsApp, hanyar da wa'azi da waƙoƙi suka daɗe suna bi har ƙauyukan da ba a samun sabis. Manhajar Kiwix ta riga ta ba da damar sauke Wikipedia a karanta ba tare da intanet ba. Ƙungiyar editocin Wikipedia ta Hausa na shirya gasar rubuta sababbin maƙaloli, kuma ƙidayar da ake alfahari da ita ta yawan maƙaloli ce. Ana iya ware gasa guda domin naɗar murya, da mayar da ƙugiyoyi, da rubuta bayanin hotuna, a kuma sa makafi su zama alƙalanta.