Shinkafa Da Tsire: Ma'aunin Rufin Asiri A Daura

Tun kaka da kakanni tuwon dawa da furar gero su ne cimar mutanen ƙasar Daura, shinkafa kuwa sai ranar Salla ko in an yi babban baƙo. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ne shinkafar waje ta zauna a gidajen ma'aikata, har ta zama ma'aunin wadatar magidanci.

To, sai zamani ya juya. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar da ke shigowa ta Kwangwalam da Mai'aduwa ta yi wuyar samu. A 2023 aka janye tallafin man fetur. A 2024 kuwa, shekarar da aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000, kuɗin buhun shinkafa guda ya zarce wannan adadi.

Duk da haka jama'a ba su bar marmari ba, rage masa girma suka yi. Ma'aikacin da kilon nama ya gagara yakan biya wurin mai tsire ran albashi, ya riƙo wa iyali tsinke biyu. Ɗalibi kuwa Indomie da ƙwai a teburin mai shayi ita ce walimarsa, sauran kwanaki awara ce namansa.

Wannan ba almubazzaranci ba ne. Abin tsoro shi ne cin bashi don a ce gidan wane kullum shinkafa ake dafawa. Wanda ya jinginar da albashin gobe saboda idon maƙwabta, shi da kansa ya tona asirin da yake neman rufewa.