Bayani a kan saurin tsirowar wake da nawarsa

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ku sani wake ba duka ne yake tsirowa rana ɗaya ba, ko da an shuka shi rami guda, ruwa guda. Galibi yakan huda ƙasa cikin kwana 3 zuwa 5, amma wani iri yakan riga wani. Ƙasa da zafi suna da nasu rabo, sai dai wani sashe na wannan hali gado ne.

Babban sababinsa yana ga fatar ƙwaya. Waken daji, wanda shi ne kakan na gona, fatarsa tauri gare ta, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi, har ƙwaya takan kwanta cikin ƙasa watanni ba ta motsa ba. Hikimarsa ke nan: in ruwan fari ya yaudari wasu suka ƙone, saura suna nan. Manoman farko kuwa abin da ya tsiro da wuri shi suka girba suka mayar iri, shekara bisa shekara, har taurin ya ragu. Bai ragu daidai ga kowane iri ba. Kuma da yake furen wake kansa yake yi wa barbara, ɗa yakan ɗauko halin uwa ba sauyi mai yawa. Ma'aikatar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana ajiye da irin wake fiye da 15,000 domin auna irin waɗannan halaye.

Kada a ɗauka mai sauri shi ne mafifici kullum. Ƙwayar da ta kwankwaɗi ruwa farat ɗaya takan ji rauni a ciki, tsironta ya fito a raunane.

To, ga inda maganar ta shafi fatake. A kasuwa irin ta Dawanau, in an gauraya iri biyu a tiya ɗaya, tukunya ba ruwanta, amma gona takan nuna: wani ya yi ganye, wani bai fito ba, manomi ya zaci iri ya mutu ya sake shuka a banza. Mai sayar da iri ya ware kowanne da buhunsa. Mai saye kuma ya ƙirga ƙwaya 100, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, yana yayyafa ruwa, ya riƙa ƙirga waɗanda suka tsiro kowace safiya har mako guda.