Zinare Ba Ya Tsirowa: Gaskiya da Ƙarya Kan Asalin Ma'adinai

A ramukan zinare na Anka da Maru da Birnin Gwari, maganganu iri-iri na yawo kan yadda ma'adinai ke samuwa. Wasu na da tushe, wasu kuwa na jawo asarar dukiya, har da ta rai.

Wai daga zafin cikin ƙasa ma'adinai ke fitowa. Gaskiya ne game da kuzar Jos da ta Riruwai. Fiye da shekaru miliyan 140 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ya maƙale a ƙarƙashin ƙasa, yana hucewa sannu a hankali. Sassan da suka fara daskarewa ba su karɓi kuza ba, sai ta yi ta taruwa a ragowar ruwa mai zafi, kamar yadda gishiri ke fitowa idan miya ta tsotse. Wannan ruwan ya kutsa tsagogin dutse ya ajiye ta.

Wai duk inda dutse ya yi aman wuta akwai arziki. Ƙarya ne. Abin da ya malalo waje ya huce nan take ba ya samun lokacin tara komai. A Filato ma, baƙin dutsen aman wuta daga baya ya zo, ya binne tsofaffin rafuka masu kuza.

Wai idan aka bar rami, zinare zai sake tsirowa. Ƙarya ne. Zinaren Zamfara ya samu ne kimanin shekaru miliyan 600 baya, lokacin da sassan ɓawon ƙasa suka yi karo. Matsi da zafi suka tatso ruwa daga duwatsu, ya bi tsagogi ya bar zinare cikin jijiyoyin farin dutse. Wanda ake tsinta a rafi bayan damina, tsohon zinare ne ruwa ya wanko.

Wai duk farin dutse mai ƙyalli alheri ne. Yawancin jijiyoyin nan babu zinaren kirki a ciki. Wasu kuma ruwan da ya kawo zinaren ya kawo dalma tare da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe.

Don haka kafin a zuba kuɗi a rami, a kai dutsen a gwada shi. Niƙa kuwa, a yi ta nesa da gida.