Tsara samfurin Iosipescu don auna zamiya a haɗin zare da ƙaro

A haɗin zaren kabon da ƙaron efoksi, auna zamiya, wato gocewar ɓangare jikin ɓangare, ya fi auna ja wuya. Samfurin da Nicolae Iosipescu na Rumaniya ya bayyana a 1967, wanda ƙa'idar ASTM D5379 ta ɗauka, tsawonsa milimita 76, faɗinsa 20. Muna yi masa tsaga biyu masu kusurwar digiri 90, mu bar milimita 12 tsakaninsu, domin nauyi ya rabu daidai a nan. Sai dai alƙiblar zare na karkata sakamako: in ya bi tsawon samfurin, taurin da muke samu yakan zarce gaskiya, in ya gitta, yakan gaza. Don haka muke fifita shimfiɗu masu gittayya, digiri 0 da 90, kafin a dogara da alƙaluman.